Katin Basamude

Ku da kuke ganin Basamude yanzu yana tafe makaranta, yara suna bin sa suna "Malam, Malam", sai ku ɗauka babu abin da yake tsoro a duniya. To ni ajinmu ɗaya da shi a kwalejin horar da malamai, shekara uku cur, bencina ne a gaban nasa. Abin da na sani ba ku sani ba.

Girma dai Allah ya ba shi. In ya tsaya a bakin ƙofar aji sai an kunna fitila. Takalminsa ƙafa ɗaya, in aka sa masa katifa, jariri zai kwana a ciki har ya yi juyi. Benci na mutum uku ne, amma shi kaɗai aka bar wa nasa, don wanda ya taɓa zama kusa da shi sai da aka yi masa gashi a haƙarƙari. Ga shi da sanyin hali, ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi.

Abu ɗaya ne: allura.

A shekararmu ta biyu muka gano. Malamin kimiyya ya kai mu ɗakin gwaji, wai kowa ya san irin jininsa. Ɗan tsini ne za a taɓa maka a yatsa, ko sauro ya fi shi mugunta. Da layi ya zo kan Basamude, ya kalli tsinin, tsinin ya kalle shi, sai muka ji rim! Wallahi har agogon bango sai da ya faɗo. Yana kwance malamin ya lallaɓa ya ɗauki ɗigon jininsa kafin ya farfaɗo.

Da sakamako ya fito, mutum biyu ne a duk ajin suke da wani iri da ake cewa O negetif: shi da Anti. Anti ita ce babbar ajinmu, matar aure mai 'ya'ya biyu, mijinta makaniki. Ita take raba mu faɗa, ita take kwafa wa Basamude darasi in ya yi barci. Malamin ya ce musu, "Ku biyun nan ku riƙe juna. Naku jinin yana shiga jikin kowa, amma ku ba wanda yake shiga naku sai irinsa, kuma ba a cika samunsa ba." Daga ranar Anti ta koma kiransa ƙanena na jini. Mu kuwa muka mai da abin wasa.

Tsoron nasa yana da tushe, wannan kam ba abin dariya ba ne. Yana ɗan shekara bakwai babansa ya tafi asibiti da ƙafarsa, zazzaɓi ne, aka yi masa allura, kwana biyu ya rasu. Likitoci sun ce ciwon ne ya riga ya ci ƙarfinsa. Amma wa zai faɗa wa Inna haka? Inna, uwarsa, mai injin niƙa ce a bakin kasuwa. Shekara talatin tana magana a kan ƙarar inji, har muryarta ta manta yadda ake yin ƙasa-ƙasa. In ta ce maka ina kwana sai ka waiwaya ka ga ko gobara ce. Ita ta yanke cewa allura ce ta kashe mata miji, ta kama ɗanta tilo ta sa shi ya rantse ba zai taɓa yarda allurar asibiti ta shiga jikinsa ba.

Sai shekarar ƙarshe ta zo, ta zo mana da Malam Gobe.

Malam Gobe shi ne mai koyar da tarbiyya, kuma sunan ya samo shi ne don ba ya buɗe baki bai ce "gobe in kun fita" ba. Yana da wata al'ada. Duk 'yan shekarar ƙarshe sai ya raba musu farin kati, kowa ya rubuta abin da ya ɗauki niyyar bayarwa sadaka in ya kama aiki, ya sa hannu. Sai ya jera katunan a allon sanarwa na baranda, mai gilashi da kwaɗo, su zauna nan har ranar da za a sallame mu. Ya ce, "Kada wanda ya rubuta abin da zuciyarsa ba ta nufa ba."

Ai kuwa ranar aka ga masu kuɗin gobe. Ɗan Gayu, wanda sabulun wanka ma sai ya bi ɗakuna yana nema, ya rubuta asibiti mai hawa uku. Wata da muke kira Sarauniya ta ɗauki marayu ɗari, ita da ko ƙaninta ba ta iya riƙewa na minti biyar. Wani ya haƙa rijiya a kowane ƙauye. Ni ma na rubuta makaranta kyauta, kada wanda ya tambaye ni inda take. Amma mu duk da wayonmu, kowa ya fara da "In Allah ya hore min".

Basamude yana zaune yana tauna biro. Aka kusa tashi katinsa fari fat.

Ya ce, "Ni me zan rubuta? Ba ni da komai. Injin ma na Inna ne."

Ɗan Gayu ya juyo ya ce, "Ka rubuta jini mana, kai da kake yawo da tanki guda. Au, na manta, sai an kira mutum shida su ɗaga ka daga ƙasa."

Aji ya kwashe da dariya, har da ni, ni na fi kowa. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci ba sai ranar. Ya danna biro kamar zai huda katin, ya rubuta: "Duk wanda ya buƙaci jinina zan ba shi." Ya sa hannu, ya miƙa.

Malam Gobe ya karanta, ya cire tabarau, ya sake mayarwa. Ya ce, "Duk ajin nan kowa ya yi alƙawarin abin da ba shi da shi. Kai kaɗai ka yi na abin da yake jikinka yau."

Nan fuskar Basamude ta sauya. Sai a lokacin ya lura ya manta bai sa "In Allah ya hore min" ba. Ko da ya sa ma ina amfaninsa, Allah ya riga ya hore masa. Sau biyu na kama shi a baranda yana jijjiga kwaɗon allon nan. Da ya gan ni sai ya ce wai ƙura yake gogewa.

Wata biyar bayan haka, ranar wata Talata, hantsi ya ɗaga, muna tsakiyar darasi. Anti ta yi mako ba ta zo ba, cikinta ya tsufa. Sai ga mutum ya faɗo ajin ba sallama, da kayan aiki duk baƙin mai, idonsa jawur. Mijinta ne.

Ya ce, "Ina ƙaninta na jini?"

Da ƙyar maganar take fita. Anti ta haihu da safe, mace, amma jini ya ƙi tsayawa. Leda ɗaya asibitin yake da ita ta irin nata, an sa mata, ta ƙare. An gwada shi, an gwada uwarta da 'yan'uwanta, ba wanda ya dace. Inda ake sa ran samu tafiyar awa huɗu ce, likita kuwa ya ce ba ta da awa huɗu, ko biyu ma ba zai yi alƙawari ba. Kafin idonta ya rufe ta ce masa ya je kwaleji ya nemo Basamude.

Gaba ɗaya muka waiwaya baya. Benci ba kowa.

Har yau ban san yadda mutum mai wannan girman ya fita daga aji ba wanda ya gani ba. Taga ce, in ji wasu, amma tagar ko cinyarsa ba za ta ɗauka ba. Muka bazu. Ɗakin karatu, masallaci, bayan gida, filin ƙwallo. Minti goma ta tafi. Mijin Anti yana tsaye a tsakar kwaleji yana juyawa kamar wanda ya ɓata a kasuwa.

Ni na gan shi. A ɗakin da ake tara karyayyun kujeru, ƙafafu biyu sun leƙo daga bayan wani tsohon allo. Yana zaune a ƙasa, rigarsa sharkaf da gumi, haƙoransa suna haɗuwa.

Na ce, "Kai, tashi! Anti ce fa!"

Ya ce, "Na ji. Na ji komai. Ƙafata ce ta ƙi."

Mijin ya iso, ya zube a gabansa. Babban mutum, mai iyali, ya kama ƙafar ɗalibi. Ya ce, "Ƙanena, don Allah. Yara uku ne yanzu."

"Yaya, Inna ta sa na rantse."

"Zan je in roƙe ta. Bayan an gama ta yi min duk abin da ta ga dama."

Sai ga Malam Gobe, da makulli a hannu ɗaya, kati a ɗayan. Muka matsa, muna jiran wa'azi. Bai yi ba. Ya ɗora katin a gwiwar Basamude ya ce, "Naka ne. Ni ba zan tilasta maka ba. In ka ga dama ka yaga, ba wanda zai ƙara tayar da maganar. Amma ka yi sauri, ko wanne ne."

Basamude ya daɗe yana kallon rubutunsa. Ɗan Gayu da ya jawo abin yana bakin ƙofa, ya kasa ɗaga kai. Sai Basamude ya sa katin a aljihu, ya dafa bango, ya miƙe.

A bayan motar makanikin muka ɗora shi, mu biyar muka zagaye shi kada ya yi tsalle a hanya.

Ɗakin ɗibar jinin ɗan ƙarami ne, gado ɗaya, firiji, da warin magani. Mai ɗibar wata 'yar siririyar mata ce, kowa Sista yake ce mata. Ta ce sai ta fara duba ƙarfin jininsa, ya kawo yatsa. Ya kawo. Ta taɓa. Rim!

Aka yayyafa masa ruwa, aka ɗura masa lemon kwalba, aka kwantar da shi a gado. Jinin ya dace, ƙarfinsa kuwa ta ce zai ishi unguwa. Ta ɗaura masa roba a dantse, ta ɓare allurar. Wannan ba irin ta yatsa ba ce, a idona kamar bututun famfo. Ya buɗe ido ɗaya ya gani. Ya sake tafiya.

Mijin Anti ya ce, "Sista, ki ɗiba a haka mana, tunda yana kwance!"

Ta ce, "Ba zan ɗibi jinin mutum a sume ba. Sai yana cikin hankalinsa, yana matsa hannu. So kake in kwantar da mutum biyu?"

Wata nas ta leƙo ta ce likita yana tambaya. Sista ta ce a ba ta minti biyar. Ta dawo, aka sake ce mata minti biyar. A karo na uku nas ɗin ta dai kalli mijin, ta kau da kai. Na duba agogo, awa ɗaya ta wuce tun da ya shigo ajinmu. Basamude ya farfaɗo yana kuka, yana cewa, "Wallahi ina so, Yaya. Ina so. Jikina ne."

Sai muka ji murya daga can ƙofar asibiti.

"INA ƊANA?"

Yanzu za ku ce wa ya faɗa wa Inna. Ni dai mutum ɗaya na kira a waya, ƙawata, kuma na ce kada ta faɗa wa kowa. Ashe yayarta tana layin niƙa.

Ta shigo fari fat da gari tun daga ɗankwali har ƙafa, mai gadi yana bin ta a baya yana ba ta haƙuri. Ba ta kalli kowa ba. Ta fizge robar daga hannunsa, ta kama wuyan rigarsa ta ce, "Tashi, Babana. Na ba su ɗaya, ba zan ba su na biyu ba." Ta jawo shi kamar ɗan akuya, shi kuma ya biyo ta. Mijin Anti ya sha gabanta zai durƙusa, ta ce, "Kauce, ɗan nan, kada in bi ta kanka."

Na ce a raina shi ke nan, Anti ta tafi, kuma bakina ne ya kashe ta.

A barandar akwai benci. Uwar Anti tana zaune a kai, tsohuwa, da jaririyar a naɗe cikin zani. Tun safe take riƙe da ita. Ba ta san wace ce Inna ba, ta dai ga mace za ta wuce. Ta ce, "Baiwar Allah, ɗan riƙe min ita, hannuna rawa yake, kada in yar da ita."

Kafin Inna ta buɗe baki an ɗora mata jaririya a hannu. Dole ta saki rigar. Yarinyar ta juya kai tana neman nono a jikin mayafi mai gari, ba ta samu ba, ta sa wani siririn kuka.

Inna ta ce, "Ina uwarta?"

Tsohuwar ta nuna ƙofar da aka rufe. Ta ce, "Wai wani yaro ake jira ya ba ta jini. Allah ya sa uwarsa ta ga alheri."

Inna ta yi shiru. Waɗanda suka san ta sun ce rabon da a ji haka tun kafin a sayi injin. Ta juya ta kalli Sista da take tsaye a bakin ɗaki da leda a hannu.

"Ke, 'yar nan. Allurar taki me take zubawa a jikinsa?"

"Ba ta zuba komai, Inna. Ɗiba take."

"Ko ɗigo?"

"Ko ɗigo."

"In ya mutu fa?"

"Ba zai mutu ba, Inna."

"Haka suka ce min wancan karon."

Nas ɗin nan ta sake fitowa da gudu, ta wuce mu, ta dawo da wani likita. Ƙofar ta buɗe ta rufe. A ɗan tsakanin na hango ƙafar Anti a kan gado, ba ta motsi.

Inna ta ce wa ɗanta, "Wa ya sa ka? Su suka tilasta maka?"

Ya zaro katin ya miƙa mata. Ba ta karatu, sai ta tura min: "Ke mai bakin, karanta." Na karanta.

"Kai ka rubuta?"

"Ni ne, Inna."

"Da hannunka? A gaban mutane?"

"E."

Ta mayar wa tsohuwar jaririya a hankali. Ta ce, "Ubanka bai taɓa faɗin magana ya janye ba. Rantsuwar ni na sa ka, ni na sauke. Wuce ka kwanta."

Ya kwanta. Ta cire mayafinta ta rufe masa fuska ruf, ta danne goshinsa da tafin hannu, ta yi wa Sista alama da ido. Sannan ta buɗe murya.

"Ka suma ka gani! Ƙaton banza! Na aiko ka ka yi karatu, ka zo kana rabon jinina a takarda kamar na ubanka ne! Ina bokitin da na ce ka gyara tun watan jiya? Wa ya cinye abincin da na ajiye wa baƙi ya ce kyanwa ce? Kyanwa tana buɗe tukunya ta mayar da murfi? Matsa hannun, ana ce maka ka matsa! Amsa min!"

Daga ƙarƙashin mayafi muka ji, "Ki yi haƙuri, Inna."

Allura ta riga ta shiga, bai ma sani ba. Ta tono masa laifin shekara ashirin, har da fitilar da ya fasa yana aji biyu. Masu jinya suka fito daga ɗakuna suna leƙe. Wani mai karaya ya ce shi ma ya ji ya warke. Amma ni da nake kusa na ga idonta bai bar ledar nan ba, tana cika a hankali, a hankali.

Sista ta zare, ta fita da gudu.

Sai jira. Muka jeru a baranda. Inna ta zauna kusa da tsohuwar, ta sake karɓar jaririyar ba tare da an roƙe ta ba. Mijin yana tsaye, goshinsa a jikin bango. An kira azahar, ba wanda ya motsa. Duk sanda ƙofar ta yi ƙara sai mu waiwaya gaba ɗaya.

Da likitan ya fito, ya sauke abin rufe bakinsa, ya ce, "Jinin ya tsaya. Ta buɗe ido. Tana tambayar me ta haifa."

Mijin ya sulale ƙasa. Tsohuwar ta rungume Inna, gari ya tashi. Basamude ya yi murmushi, ya duba hannunsa, ya ga auduga da filasta, ya ce, "Au, har an yi?" Rim!

Shekara goma sha biyar ke nan. Yana nan yana koyar da 'yan aji uku, albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Yarinyar ta zama budurwa, kawu take ce masa. Asibitin Ɗan Gayu har yanzu ba a sa tubali ba, makarantata ma muna jiran Allah ya hore. Katin Basamude kuwa yana maƙale a bangon shagon niƙa, gari ya rufe rabinsa.

Tsoron bai ragu ba ko kaɗan. Shi ya sa in asibitin suna neman irin jininsa ba shi suke kira ba, Inna suke kira. Sai ta kashe inji, ta ce wa masu layi su jira, ta je makaranta ta ɗauko shi. Yanzu ta tsufa, gwiwa ta hana ta tafiya, don haka bara matarsa ta ce ita za ta raka shi, ai ta koyi faɗan. Ta rufe masa fuska ta ce, "Haba maigida, ka daure mana." Kafin ta rufe baki ya suma. Sai da aka aika mota aka ɗauko Inna a kujera.